Taron Malamai da Bitar Ƙara wa Juna Sani: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan tasowa a ofishin malamai, musamman daga sababbin ɗauka da kuma waɗanda ba su jima da karɓar riƙon makaranta ba. Amsoshin sun fi shafar makarantun firamare da ƙananan sakandare na gwamnati a arewacin Najeriya, amma masu koyarwa a makarantun kuɗi da Islamiyyu ma za su sami abin ɗauka.

Sau nawa ya kamata a yi taron malamai a zango ɗaya?

Abin da aka saba shi ne sau biyu. Ana yin na farko a makon dawowa daga hutu, inda ake raba azuzuwa da darussa, a fitar da jadawali, a san masu kula da tsafta da wasanni da waɗanda za su riƙa karɓar aikin mako. Na biyu kuma gab da jarrabawa ne, ko bayan an gama haɗa sakamako.

Wasu makarantu suna ƙara ɗaya a tsakiyar zango, bayan gwajin farko. A ganina wannan ya fi sauran biyun amfani, domin shi kaɗai ake yi a lokacin da gyara yake yiwuwa. Idan sai a makon ƙarshe aka gano rabin 'yan aji huɗu ba su iya rabawa a lissafi ba, babu abin da za a yi illa a rubuta a ajiye, yaran kuma su wuce aji biyar da giɓinsu.

Taron gaggawa shi daban ne. Akan kira shi idan sufetoci za su zo, ko an sami umarni daga ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, ko an yi rasuwa, ko kuma maganar tsaro ta taso.

Dole ne in halarta? Me zai faru idan ban zo ba?

Dole ne. Taron malamai aiki ne kamar shiga aji, kuma ƙin zuwa ba tare da izini ba yana iya jawo wa mutum kwiri, wato takardar tuhuma. Mai uzuri ya faɗa tun kafin ranar, sa'annan ya nemi littafin taro ya karanta abin da aka yanke, don hukuncin ya hau kansa ko yana nan ko ba ya nan.

Sai dai shi ma hedimasta akwai haƙƙi a kansa. Ba daidai ba ne a ce ƙarfe ɗaya na rana ake sanar da taron ƙarfe ɗaya da rabi. Akwai malama mai goyo, akwai mai ɗauko yara daga wata makaranta, akwai wanda sai ya hau mota biyu yake isa gida. A ba da sanarwa kwana biyu ko uku kafin ranar, a manna ajanda a allon sanarwa.

Me ya sa taronmu yake cin awa uku, amma a tashi ba a tsinana komai ba?

Domin mafi yawan abin da ake kira taro sanarwa ce kawai. Za a buɗe da addu'a, shugaba ya miƙe ya yi jawabi na kusan awa ɗaya kan makara da sa hannu a littafin zuwa aiki. Daga nan a shiga maganar adashi, da gudummawar bikin ɗiyar wani, da wanda bai biya kuɗin ƙungiyar walwala ba. Kafin a iso kan yara, an kira sallar La'asar, kowa ya ƙagara. Sai a ce, "To, batun karatu kowa ya ƙara ƙoƙari." A shafa fatiha.

Ba wai waɗannan abubuwa ba su da muhimmanci ba ne. Zumunci tsakanin malamai yana riƙe makaranta, kuma wanda ya taɓa kwanciya asibiti ya ga abokan aiki sun shigo da ambulan ya san haka. Matsalar ita ce jeri. Abin da aka sa a farko shi ke cinye ƙarfin mutane, don haka maganar koyo da koyarwa ce ta cancanci farkon zama: wane aji ne yake baya, a wane darasi, yara nawa ne ba sa iya karanta jimla, su waye suka daina zuwa tun da damina ta faɗi ko tun da aka fara girbi. Kowane malamin aji ya zo da rijistarsa da makin gwaji a hannu, a yi magana a kan abin da ke rubuce, ba a kan zato ba. Sanarwar da za a iya mannawa a bango a manna ta. Adashi da walwala a ba su minti goma na ƙarshe, ko kwamitinsu ya yi zamansa daban.

Sai kuma a ƙayyade lokaci tun farko. Awa ɗaya da rabi ta isa idan batutuwan ba su wuce huɗu ko biyar ba. A naɗa wani mai duba agogo, kuma a yarda cewa yana da ikon tunatar da kowa, har da shugaba.

Ya halatta a sallami yara don a yi taro?

A'a. Wannan al'ada tana damuna ƙwarai. Yaron makarantar gwamnati ya riga ya yi asarar sa'o'i masu yawa: makon farko yakan tafi a shara da jiran littattafai, ga ranar kasuwa a karkara, ga ranakun zuwa tantance ma'aikata. Idan aka ƙara da korar su ƙarfe sha ɗaya don malamai su zauna, to an zauna maganar inganta karatu ne da lokacin karatun kansa. A yi bayan tashi, ko a ranar da ta gabaci dawowar ɗalibai. Makarantar da ke da zubin safe da na rana tana iya amfani da tsakanin zubi biyun don gajeren zama.

Wa ke rubuta bayanin taro, kuma me ake rubutawa?

Sakataren malamai, wanda akan zaɓa a farkon shekara. Littafin taro yana cikin takardun da jami'an tabbatar da inganci suke dubawa idan sun zo, tare da rijista da littafin tarihin makaranta da tsarin darussa.

Ba kowace kalma ake rubutawa ba. Abin da ake buƙata shi ne matsayar da aka cimma, da wanda zai aiwatar, da ranar da zai kawo rahoto. Dubi bambancin waɗannan biyu. Wani sakatare zai rubuta: "An tattauna batun makarar ɗalibai, an ja hankalin kowa." Wani kuma zai rubuta: "Daga Litinin malamin aikin mako zai tsaya a bakin ƙofa daga 7:30, ya rubuta sunan duk yaron da ya makara sau uku. Mataimakin hedimasta zai kai sunayen ga shugaban SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makaranta, don a gana da iyayensu. Za a ji sakamako a zama na gaba." Na farko ba wanda za a tambaya a kansa. Na biyu kuwa, da an buɗe littafi a zama mai zuwa an san wanda za a kalla.

Ni sabon malami ne, kuma akwai waɗanda suka koyar da ni a wurin. Zan iya yin magana?

Ƙwarai kuwa, amma da ladabi. Tarbiyyarmu ta hana yaro katse babba, kuma wannan abu ne mai kyau, sai dai ba ta hana shi neman izini ba. Ɗaga hannu, ka ce, "Ranka ya daɗe, ina da 'yar shawara, idan an ba ni dama." Idan za ka saɓa wa wani dattijo, fara da abin da ka yarda da shi a maganarsa. Kuma abin da ya fi kare ka shi ne ka zo da hujja daga ajinka: "Na gwada yara 60 a ajina, 22 ne suka karanta wannan sakin layi." Da wuya a yi wa irin wannan magana kallon rashin kunya.

Shugaba mai hikima yakan kira sunan masu shiru da kansa. A makarantu da yawa malamai mata sukan zauna gefe guda su yi ta sauraro har a tashi, alhali su ne ke riƙe da ƙananan azuzuwa inda ake kafa tubalin karatu. "Malama, ke da kike aji ɗaya, me kika gani?" Wannan tambaya kaɗai takan fito da abin da jawabin awa guda bai fito da shi ba.

Daidai ne shugaba ya yi wa malami faɗa a gaban taro?

Ba daidai ba ne. Laifin mutum ɗaya a ofis ake maganarsa, tsakaninsa da shugaba, in ya ƙi gyaruwa a bi matakan da dokar aiki ta tanada. Wanda aka tozarta a gaban abokan aikinsa ba ya ƙara buɗe baki a taro, kuma sauran ma sun ɗauki darasi: ba mai sake cewa "wannan darasi yana ba ni wuya."

Mene ne zaman bita na cikin makaranta, kuma ta ina ya bambanta da taron malamai?

Taron malamai na tafiyar da makaranta ne. Zaman bita kuwa na sana'ar koyarwa ne zalla, ba a kawo maganar kuɗi ko ladabtarwa a cikinsa. Akan yi shi sau ɗaya a mako biyu ko a wata, na minti arba'in zuwa awa ɗaya, a ɗauki abu guda tak.

Ga misalin yadda yake gudana. Malamar aji biyu ta ce yaranta suna rikicewa a ɗebewa idan lambar ƙarshe ta ƙasa ta fi ta sama girma, kamar 32 a cire 17. Sai a ce ta koyar da darasin yadda ta saba, sauran malamai su zauna a benci kamar ɗalibai. Ta rubuta a allo, ta ce biyu ba za ta ba da bakwai ba, sai a aro ɗaya daga maƙwabci. Wani ya tambaye ta irin tambayar yaro: "Malama, ɗaya muka aro, ya aka yi biyu ta zama sha biyu?" Nan za a tsaya. Sai wani malami ya fita ya ɗebo tsinkayen tsintsiya, ya ɗaure su goma-goma da kyauro, ƙulli uku da tsinke biyu a gefe. Ya kwance ƙulli ɗaya a kan tebur, tsinkaye goma suka bazu suka haɗu da biyun nan. Kowa ya ga sha biyu da idonsa. Mako mai zuwa malamar ta gwada a ajinta, wani abokin aiki ya zauna a baya yana lura da yaran, ba da ita ba. A zama na gaba a ji abin da ya faru, har da yaran da har yanzu ba su gane ba.

Wannan tsari ba baƙo ba ne. Malaman Japan sun daɗe suna tsara darasi tare su kalli juna suna koyarwa, kuma shirin SMASE na inganta koyar da lissafi da kimiyya, wanda aka fara a 2006 da tallafin hukumar JICA ta ƙasar Japan a jihohin Kaduna da Neja da Filato, ya ƙarfafa amfani da kayan da ke kusa da kuma sa yara su yi da hannunsu. Na fi amincewa da irin wannan zama fiye da bitar otal, saboda ana yin sa ne a kan yaran da malami zai tarar gobe da safe, a ajin da ke da yara tamanin da allon da ya koɗe.

Su wa ke shirya bitar da ake kiran malamai a waje, kuma daga ina kuɗin yake fitowa?

Ga makarantun ilimin bai-ɗaya, babbar hanya ita ce UBEC, hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa. Dokar 2004 ta ware mata kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigar gwamnatin tarayya, kuma a cikin wannan akwai kason horar da malamai da ake aiwatarwa ta hannun SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta kowace jiha. Akwai kuma Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1976. Ita tana shirya bita, tana kuma ba da NCE, wato takardar shaidar malanta ta ƙasa, da PGDE, wato diflomar koyarwa ta bayan digiri, ta hanyar karatu daga nesa. Kwalejojin ilimi su ma sukan ba da masu horarwa.

Sai shirye-shiryen ƙasashen waje. ESSPIN, da tallafin Birtaniya, ya yi aiki a Kano da Kaduna da Jigawa daga 2008, ya kuma ƙarfafa aikin jami'an tallafa wa makarantu masu shiga aji su ga darasi. RANA ya yi aikin koyar da karatu da Hausa a ƙananan azuzuwa a Katsina da Zamfara, NEI Plus kuma a Bauchi da Sakkwato. Matsalar irin waɗannan shirye-shirye ita ce wa'adi gare su. Idan sun tafi, abin da ya rage shi ne abin da makaranta ta mayar al'adarta.

Me ya sa kullum mutane biyu ko uku ne ake turawa bita?

Saboda alawus. Ba sai an ɓoye ba. Albashin malami bai taka kara ya karya ba, kuɗin mota da na abinci da ake bayarwa a bita kuma suna toshe wata kafa, don haka gurbin ya zama abin rabo tsakanin na kusa. Sai ka ga an tura malamin aji shida bitar koyar da haruffa, malamar aji ɗaya tana zaune.

Maganin yana hannun taron malamai. A buɗe shafi a littafin taro, a rubuta sunan kowa da bitar da ya halarta da shekarar. Idan takardar gayyata ta zo, a karanta ta a gaban kowa, a fara duba wanda darasin ya shafa, sa'annan wanda ya fi daɗewa bai je ba. Wani lokaci sunayen daga sama suke zuwa, hedimasta ba shi da ta cewa, amma ko a nan yana iya rubutawa ya nuna cewa wanda aka zaɓa ba shi ke koyar da darasin ba.

Wanda ya je bita, dole ne ya dawo ya koyar da sauran?

Haka tsarin yake nufi, don ba a iya kiran kowa. Amma kada a yaudari kai: horon kwana biyar ba ya shiga cikin minti ashirin. Kada ya tsaya yana karanto takardun da aka raba musu. Ya zaɓi dabara ɗaya ko biyu, ya koyar da darasi da su a gaban abokan aiki, ya bar littattafan da ya samo a ofis inda kowa zai iya ɗauka. A yi wannan cikin mako biyu da dawowarsa, kafin abin ya huce.

Ina maganar rijistar TRCN ta shigo?

TRCN ita ce hukumar yi wa malamai rijista, an kafa ta da doka a 1993. Mafi ƙarancin shaidar da ake karɓa ita ce NCE, wanda kuma ya yi digiri a fannin da ba na ilimi ba sai ya ƙara da difloma ta koyarwa irin PGDE. Tun 2017 sabon mai neman rijista yana zana jarrabawar cancanta a kwamfuta. Bayan takardar rijista akwai lasisin koyarwa, wanda ake sabuntawa duk shekara uku, kuma ƙa'idar hukumar ta ɗaura sabuntawar da ci gaba da neman horo. Saboda haka duk takardar shaidar bita da ka samu ka adana ta a fayil, ka kuma ɗauki hotonta a waya.

Satifiket ɗin bita yana kawo ƙarin girma?

Shi kaɗai ba ya kawowa. Ƙarin girma yana bin shekarun da ka yi a mataki, da fom ɗin tantance aiki na shekara, da jarrabawa ko ganawa, da kuma samun gurbi. Abin da ke ɗaga mutum sosai shi ne ƙarin karatu, kamar daga NCE zuwa digiri. Amma a nemi izinin tafiya karatu a rubuce tun kafin a fara, domin an sha ganin wanda ya gama ya kawo takarda aka ƙi amincewa da ita saboda ba a san da tafiyarsa ba.

Ana ta maganar jarrabawar gwajin malamai. Bita tana kare mutum daga ita?

Kowa yana tuna Kaduna a 2017, lokacin Gwamna Nasir El-Rufa'i, inda malaman firamare kimanin 33,000 suka zauna gwaji, aka ce 21,780 ba su kai kashi 75 cikin 100 ba, aka sallame su, ƙungiyar malamai ta ƙasa, NUT, ta shiga yajin aiki a farkon 2018. Har yau ana gardama kan adalcin abin, ni ma ina ganin wanda aka bari shekara da shekaru ba horo ba shi kaɗai ke da laifi ba. Amma gaskiya ɗaya ce: akwai malaman da abin da suke koyarwa ya kwance musu. Irin wannan rauni ba a gyara shi a zauren mutum ɗari biyu, inda kowa ke ɓoye nasa. Ana gyara shi ne a zaman mutum shida da suka amince da juna, inda mutum zai iya cewa a sake nuna masa haɗa ɓangarorin lamba ba tare da labarin ya kai kasuwa ba.

Muna da zauren WhatsApp na makaranta. Bai isa ba?

Ya isa wajen sanarwa, da tura hoton takardar da ta zo daga ofis, da tunatar da ranar taro. Bai isa wajen yanke hukunci ba, domin ba kowa ke da babbar waya ko data a kowane lokaci ba. A kuma kiyaye abu biyu: kada a sa hoton ɗalibi ko sakamakonsa don a yi dariya, kuma kada a yarda da kowace "sanarwa daga ma'aikata" da aka turo ba tambari ba sa hannu. Mai waya yana iya leƙa manhajar Nigeria Learning Passport, wadda ma'aikatar ilimi ta tarayya da UNICEF suka ƙaddamar a 2022, akwai darussa kyauta a ciki.

Idan an sauya manhajar karatu, ta yaya za mu sani?

Hukumar bincike da bunƙasa ilimi ta ƙasa, NERDC, ce ke tsara manhaja, jihohi kuma su fitar da tsarin darussa na mako-mako. A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da sabuwar manhaja mai rage yawan darussa. Daga sanarwa a Abuja zuwa isowar takarda makarantar ƙauye akwai tafiya, don haka shugaba ya nemi kwafi a ofishin sakataren ilimi, a ware zama guda a kwatanta tsohuwa da sabuwa aji-aji, a ga abin da aka cire da abin da aka haɗe. Kada a sauya abin da ake koyarwa saboda jita-jita.

'Yan bautar ƙasa da malaman sa-kai da ɗalibai masu koyon aiki, su ma su shiga?

Duk wanda ke riƙe alli a gaban yaranmu ya shiga zaman bita. Haka malaman Arabiyya da na addini, waɗanda akan manta da su, alhali dabarun tafiyar da babban aji sun shafe su kamar kowa. Idan za a tattauna sirrin wani ma'aikaci ne kawai za a iya neman waɗanda ba na dindindin ba su ba da wuri.

Mu uku ne kacal a makarantarmu ta ƙauye. Wane taro za mu yi?

Ku ukun ma ku zauna, ko a gindin bishiya ne bayan tashi, ku rubuta abin da kuka yanke. Don bita kuma, ku haɗu da makarantu huɗu ko biyar na kusa, wata-wata, ana zagayawa. A Jamhuriyar Nijar wannan tsari yana da suna, CAPED, inda malaman yanki guda ke taruwa su yi nazarin darussa tare da mai ba da shawara kan koyarwa. A nan ma jami'in tallafa wa makarantu na yankinku shi ne wanda za ku tuntuɓa ya haɗa ku. Ku zaɓi ranar da ba ta kasuwa ba, ku fara da makarantar da ta fi sauƙin zuwa da babur, kowa ya taho da littafin darasinsa da kuma batu ɗaya da ya gagare shi a wannan watan.